Na Yi Fura da Irin Kakana

Kakana na wajen uba bai san shekarunsa ba, kuma bai taɓa damuwa ya sani ba. In an tambaye shi sai ya ce lokacin da Turawa suka shigo ƙasar Katsina gemunsa ya fara tsirowa, sauran lissafin kuma ya bar wa 'yan boko. Mu jikoki Baba Tsoho muke ce masa. Gidansa yana wani ƙauye a ƙasar Kuki, can gefen Dutsin-Ma, kuma a nan na tashi, don ni 'yar fari ce. Iyayena suna kunyata, ko sunana ba sa kamawa, saboda haka ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, wadda muke kira Iya. Iya ma ba ta kiran sunana, kullum “ke” ce. Shi kuwa Amarya yake ce mini, irin wasan nan na kaka da jika, kuma na riƙe sarautar da gaske, ba jikar da ta isa ta kai masa ruwan alwala ina gidan.

Yana da wata tambaya guda da ta zame masa kamar gaisuwa. Duk yaron da ya gifta gabansa, nasa ne ko na maƙwabta, sai ya tsayar da shi ya ce, “Ka ƙoshi?” In ka ce e, sai ya sa yatsa ya latsa cikinka ya ji ko gaskiya ne. Mun mai da abin wasa, muna kwaikwayonsa a bayan rumbu, ɗaya ya duƙa ya riƙe kara kamar sanda yana latsa cikin sauran. Ya sha kama mu, sai ya yi kamar bai gani ba.

Bayan iyalinsa, abin da ya fi so a duniya wani gero ne da ya gada wurin ubansa. Gargasa ne, zangarniyarsa duk gashi, tsuntsu ba ya iya sa baki. Yana kuma riga kowane gero nuna, daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kowa na kallon sama. Gona guda yake shuka shi, wata da ke bayan dutse nesa da geron mutane, don kada ya gauraye. Mata ba sa ƙaunarsa ko kaɗan, domin in kika sussuka shi ranar nan kin ga susa, shi ya sa duk ƙauyen ba mai noma shi sai gidanmu. Da kaka, kafin a sa wuƙa, shi da kansa yake bin gonar yana zaɓen zangarniyar da za a ajiye don iri. Sauran mu fara da tumu, mu ci gaba da fura da tuwo, kafin rani ya raba ya ƙare mu koma kan dawa da maiwa. Yana da wata al'ada kuma tasa shi kaɗai: duk 'yarsa da za a kai ɗakin miji, sai ya ɗaure zangarniya bakwai ya cusa mata cikin kaya.

Abin da zan faɗa ya faru ne ina da kamar shekara tara ko goma, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, gajimare ya fara leƙowa daga gabas da yamma yana komawa. Ranar matan gidan kaf, har da Iya, sun tafi suna a Makera gidan babbar gwaggona. Baffannina biyu suna gona suna sassabe. Ni aka bari tsaron gida, na kuwa cika na yi fam, don na so zuwa sunan nan. Baba Tsoho zai tafi kasuwar Dutsin-Ma. Kafin ya hau jaki ya shimfiɗa tabarma a bayan ɗakinsa, ya baza wasu zangarniyoyi a rana, manya masu sheƙi, ya ce, “Amarya, ki lura da geron ga, kada kaji su taɓa shi.”

To, jiya-jiyan nan ya gama tsokanata a gaban kowa. Wai ya gaji da amaryar da ba ta iya fura ba, in damina ta faɗi zai mai da ni gidanmu ya auro jikar maƙwabcinsa. Aka yi ta dariya, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don Iya ba ta taɓa barina na wuce tankaɗe ba. Na zauna ina korar kaji ina kallon geron nan, rabona da ganin gero tun sanyi. Ni a sanina iri tsaba ce da ake zubawa a ƙwarya ranar shuka, ban taɓa tambayar inda take fitowa ba. Na sha tambayar kaina daga baya ko da gaske ban sani ba. Ina jin wani gefe na zuciyata ya ɗan yi gargaɗi, na danne shi, domin na riga na hango fuskar Baba Tsoho in ya kurɓa.

Na jawo turmi. Na sussuka, na sheƙe, na yayyafa ruwa na surfe shi tas, ban bar ko zangarniya ɗaya ba, wai ni mai aiki ba ta yin rabi. Na wanke, na daka rabi da citta da kanumfari da masoro, na cura, na dafa, na kirɓa. Tafin hannuna ya yi bororo, ƙaiƙayi ya bi mini wuya da damtse ina susa kamar mai ƙazwa, amma ko a jikina. Da Bafulatanar da ke kawo mana nono ta zo, na ba ta dusar da 'yar tsaba ta zuba mini kindirmo mai kauri. Har ta tsaya tana juya tsabar a hannu tana cewa ta daɗe ba ta ga gero mai kyau haka ba. Na ce ai namu ne. Kaji kam ba su taɓa shi ba, wannan amanar na riƙe ta.

Da la'asar ya dawo. Ya yi salla, ya zauna gindin durumin ƙofar gida, na dama furar na rufe da sabon faifai na kai masa na durƙusa. Ya ɗaga ludayi ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa.

“Wa ya yi hurar ga?”

“Ni.”

“Ke da wa?”

“Ni kaɗai.”

Sai ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, ya ce ya zo ya ɗanɗana, kuma ya riƙe jikarsa, an fasa auren. Tsofaffin nan biyu suka yi ta zagaya ludayi suna sa mini albarka, bakina har kunne. Sai maƙwabcin ya ce, “Malam, ashe har yanzu kuna da sauran gero?”

Na ga hannun Baba Tsoho ya tsaya da ludayi a sama. Ya ajiye shi a hankali, ya dogara sanda ya tashi ya shiga gida, ni ina biye. Ya tsaya kan tabarmar da ba komai a kanta. Ya juya ya dubi gindin turmi, ga ƙaiƙayi tuli guda, duk gashi. Ya buɗe ƙwaryar da na rufe sauran tsabar, ya ɗebo a tafinsa, fara fat, an surfe ta an wanke, ko an binne ta ba za ta tsiro ba. Daidai nan matan gida suka yi sallama.

Iya kallo ɗaya ta yi ta gane. Ta saki ƙullin da ke kanta ta dafe ƙirji tana salati. “Ke! Mi kinka yi? Irin ne hwa! Irin gidan ga duka kinka dake!” Ta zari muciya ta yo kaina. A lokacin ne na gane abin da na yi.

“Aje muciyar nan,” in ji Baba Tsoho. Bai ɗaga murya ba. Iya ta tsaya tana huci, suka kalli juna wani irin kallo mai tsawo wanda ban gane ba, sannan ta yar da muciyar ta shige ɗaki.

Ya aika aka ɗauko ƙwaryar furar daga ƙofar gida. Ya zauna bakin tabarmar, ya tura ta gabana ya ce, “Zamna. Shanye.” Na ɗauka horo ne. Ina sha ina kuka, hawaye na ɗiga cikin nonon, shi kuwa ya zuba mini ido bai ƙifta ba har na ga gindin ƙwarya. Ya ce, “Kin ƙoshi?” Na gyaɗa kai. Ya sa yatsa ya latsa cikina, ya ce, “To, alhamdu lillahi.” Abin da ya faɗa ke nan a kan maganar.

Baffannina da suka dawo suka ce ai ba abin tashin hankali ba ne, gero gero ne, a nemo iri a kasuwa. Baba Tsoho dai ya tambayi Iya ko gwaggona ta Makera tana da sauran nata. Iya ta ce wannan tun shekarar farko matan gidansu suka ce ba za su iya da ƙaiƙayinsa ba. Saura ƙaramar gwaggona da ke aure a Kurfi, mijinta maɗinki ne a cikin gari, ko kunya guda ta gona ba shi da ita. Iya ta ce kada ya wahalar da tsufansa a banza. Ya ce zai je ya gano jikokinsa, ai ba laifi ba ne. Sannan ya ce Amarya ta shirya, wadda ta dake iri ita za ta ɗauko wani.

Muka fita bayan asuba, shi a kan jaki ni a bayansa. In jakin ya gaji in sauka in taka. Hankalin kowa na kan sama, domin in ruwan shuka ya sauka ba iri a hannu, gonar bayan dutse ta tashi a banza, geron ubansa kuma ya ƙare a duniya ta hannuna. Duk hanya ina jiran faɗa, shi kuwa sai nuna mini abubuwa yake: ga rijiyar da ya taɓa shayar da shanun wani, ga garin da ya je neman auren Iya aka sa shi jira yini guda a rana. Da azahar muka tsaya gindin wata tsamiya, ya yi salla, ya kwance guzuri. Iya ta cura sauran tsabar ta ƙulla mana, furar irin ce dai. Na ture ta gefe. Na ce, “Baba Tsoho, don Allah ka doke ni mana in huta.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Da wane ƙarhi? Kuma wane miji ne ka dukan amarya don ta yi hura mai daɗi? Citta dai ta yi yawa, gaba ki rage.”

Rana ta yi sanyi muka shiga Kurfi. Gwaggo ta fito da gudu ba ko mayafi, ta durƙusa tana gaishe shi tana faɗan me ya sa bai aiko an je an ɗauko shi ba. Ni na ƙagu ya yi tambayar da ta kawo mu, amma ina. Sai da ya sha ruwa, ya gaisa da maigidan, aka jero masa jikoki biyar ya latsa cikin kowa, ya tambayi lafiyar maƙwabta har da waɗanda suka daɗe da rasuwa. Sannan ya dubi ƙasa, kamar mai jin nauyi, ya ce, “Abin nan da na ɗaura maki cikin kaya ran da anka kawo ki, ko akwai labarinshi?”

Gwaggo ta dube shi, ta dube ni da hannuwana da suka sha susa, sai ta tashi ta shiga ɗakin girki. Muka ji tana jan turmi tana takawa. Ta fito da wani ɗan ƙulli da hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin, ta kwance a gabansa. Zangarniya goma sha biyu, gashinsu cirko-cirko.

Ta ce shekarar da aka kawo ta kewar gida ta hana ta sukuni, sai ta murje guda ta shuka a bayan ɗakinta, inda ruwan wanke-wanke ke bi. Da ya fitar da kai, in ta leƙa sai ta ji kamar tana gida. Tun daga nan ba daminar da ta tsallake, 'ya'yanta su ci tumu, ta rataye sauran a hayaƙi. Mijinta har tsiya yake mata, wai gonarta ko akuya ba za ta ƙosar ba.

Baba Tsoho ya ɗauki guda, ya murza da babban yatsa, ya jefa ƙwaya a baki ya tauna da 'yan haƙoran da suka rage masa. Na ga ruwa ya bi gemunsa. Ya ce hayaƙin da ke jikin geron ne ya shiga masa ido, ba wanda ya musa. Gwaggo ta ce ya kwashe duka. Ya ƙirga bakwai ya miƙo mini, ya mayar mata da biyar, ya ce ba a raba mai iri da iri. A kaina na ɗauko su har gida, ban yarda an sa su a mangalar jaki ba.

Kwana huɗu da dawowarmu ruwa ya sauka. Shi yake sara da sungumi, ni ina binsa ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige, ya hana kowa sa mana hannu. Kusurwa ɗaya kawai ta gonar muka iya shukawa. Shekarar ba wanda ya ci tumu a gidanmu, komai iri aka ajiye, kuma yaran gidan ba su yafe mini ba sai da wata daminar ta zagayo gonar ta cika.

Baba Tsoho ya yi shekara goma sha ɗaya ko sha biyu bayan wannan. Ya ga aurena, ya cusa mini bakwai ɗina cikin kaya duk da ni jika ce ba 'ya ba, yana cewa ya sake ni ne don ya ga na fara tsufa. Aka kai ni cikin garin Dutsin-Ma, ya ga 'ya'yana biyu, ya latsa cikinsu. Idonsa ya tafi a hankali, amma bai bar zaɓen iri ba. A kai shi gonar a riƙe masa hannu, yana shafa zangarniya yana cewa wannan, ba wannan ba. Jikokinsa da tattaɓa-kunnensa sun yi yawan da in an taru da salla sai an yi tuwo tukunya uku, kuma da murya yake gane kowa. Ya rasu bayan an gama girbi, wata safiya, yana jingine gindin durumin nan, an kai masa kunu bai kai ga sha ba. Na yi kuka irin wanda ban yi wa mahaifina ba daga baya, Allah ya yafe mini, amma gaskiya ke nan.

Ranar sadakar uku muna dakan gumba a tsakar gida, da geronsa, Iya ta aiko a kira ni. Tana zaune a ɗaki cikin takaba, ta ƙanƙance. Ta ce in zauna. Ta ce, “Kin tuna ran da na ɗaukar maki muciya?” Na ce wa zai manta.

Ta ce tun kafin a haifi mahaifina an yi wata shekara ta yunwa, damina ta ƙi, mutane suna cin ganye suna tonon gidan tururuwa. Lokacin 'yarsu ɗaya, 'yar shekara huɗu. Komai ya ƙare a gidan sai irin nan, Malam ya zuba shi a tulu ya liƙe bakin da laka. Yarinyar ta rame, tana kuka tana kiran fura.

“Na durƙusa mashi,” in ji Iya. “Na ce ko tahi guda ya ɗebo in dama mata. Ya ce in anka buɗe tulun ga ba ya ruhuwa, kuma in ruwa ya zo ba iri, mu duka mun tahi. Ya hau kan tulun ya zamna. Saura kwana tara ruwa ya sauka yarinyar ta cika.”

Ta ce geron ya yi kyau shekarar, shi ya ceci gidan, har maƙwabta. Amma ta yi shekara ba ta yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba, shi kuma bai sa geron a baki ba sai da aka yi damina uku. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ita ma ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba, a haka suka tsufa. Da aka haife ni, shi ya roƙi mahaifina a sa mini sunan yarinyar.

“Ran nan da kinka dake irin, da munka keɓe na ce mashi, Malam, yanzu ko ɗan faɗa ba ka yi mata? Ya ce, shekara arba'in da ɗoriya ina roƙon Allah ya nuna mani ta sha hurar ga. Yau ta sha, ta ce mani ta ƙoshi.”

A waje taɓare na ta sauka, wata na kirana in zo in karɓe ta. Na fita na karɓi taɓaryar, amma na kasa ɗaga ta. 'Yata ƙarama ta zo ta riƙe mini zane, hannunta duk gumba, bakinta ma haka. Na durƙusa na tambaye ta ko ta ƙoshi. Ta ce e. Na sa yatsa na latsa cikinta.